Harry Nyquist

Harry Nyquist (7 ga Fabrairu 1889 – 4 ga Afrilu 1976) injiniyan lantarki ne ɗan asalin Suwidin da ya yi aiki a Amurka. Da sunansa ake kiran ƙa'idar da ke nuna iyakar abin da kyamara za ta iya ɗauka daidai.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Nilsby da ke yankin Värmland. Ya ƙaura zuwa Amurka a 1907, ya karanta injiniyan lantarki a Jami'ar North Dakota, sannan ya sami digirin digirgir a kimiyyar lissafi daga Jami'ar Yale a 1917.

Aiki

A shekarar ya shiga kamfanin tarho na AT&T, daga 1934 kuma ya koma Bell Labs. Yana cikin waɗanda suka ƙera na'urar aika hoto ta wayar tarho, wadda kamfanin ya nuna a 1924.

A binciken da ya wallafa a 1928 kan talgiram ya gano cewa yawan alamomin da layi zai ɗauka a daƙiƙa ba ya wuce ninki biyu na faɗin zangonsa. Claude Shannon ya ɗora a kai a 1949, ko da yake Vladimir Kotelnikov na Tarayyar Sobiyat ya riga shi tun 1933. Ma'anar ƙa'idar a hoto ita ce, kowane layi mai haske da mai duhun da ke biye da shi suna buƙatar aƙalla ɗigo biyu. In ɗigon ya gaza, layukan ba ɓacewa kawai suke yi ba, sukan rikiɗe su zama zanen da babu shi, kamar igiyoyin da ke fitowa a hoton riga mai ƙananan layuka ko kwanon rufi daga nesa. Shi ya sa mai son kwaikwayon hoton ƙaramar kyamara daga hoto mai kaifi yake fara dusashe shi kafin ya rage ɗigon. Wanda ya tsinci ɗigo ɗaya cikin huɗu ya zubar da saura, hoton ƙarya zai samu. Ƙa'idar ce kuma ta sa tarho ke auna murya sau 8,000 a daƙiƙa.

Mutuwa

Ya yi ritaya a 1954, ya mutu a Harlingen, jihar Texas, yana da shekara 87.