Malam Aminu Kano: Malamin Da Ya Raba Rawani Da Addini

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kaya daga Magarya ya bi ta Ɓaɓura zuwa Kano, ko ya kora dabbobi daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari, ya san sunan marigayi Malam Aminu Kano ko da bai san tarihinsa ba, domin sunan yana kan filin jirgin saman Kano, yana kuma kan babban asibitin koyarwa na birnin. A yau filin namu zai waiwayi rayuwar wannan bawan Allah ta wata fuska da ba a cika kula da ita ba, wato yadda ya yi fama da masu cewa duk wanda ya yi wa mai mulki dariya, to addini ya yi wa izgili.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a ranar 9 ga watan Agusta na 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, daga zuriyar Genawa da aka sani da malanta da alƙalanci, mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai ilimi ce. Saboda haka ya fara da allo a gida kafin a kai shi makarantar Shahuci, daga nan Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya ginu: yaron ya tashi yana ganin yadda ake shari'a daga ciki, ya san abin da littafi ya ce, ya kuma san abin da ake aikatawa.

Tun yana ɗalibi ya gano cewa dariya makami ce. Ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo ɗalibai suna yi, kuma abin sha'awa, 'yan kasuwa na cikin waɗanda ya fara zolaya. Wasansa mai suna Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba? ya nuna yadda ake damfarar baƙauye idan ya shigo birni. Duk wanda dillali ya taɓa yi wa wayo, ko aka auna masa hatsi da tiya mai lotsattsen gindi, ya san ba ƙarya ya yi ba. Wasu wasannin kuma kan ma'aikatan En'e ya yi su, da irin danniyar da suke yi wa talaka. 'Yan kasuwa sun sha zolayar sun wuce. Masu mulki ne abin ya tsaya wa a rai.

Da ya gama karatu aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can suka yi wata ƙungiyar tattaunawa da Turawan mulki suka amince da ita, ana zama ana muhawara a kan al'amuran ƙasa. Da aka kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarki, ba a daɗe ba aka rufe ta. A 1946 ya tafi Landan ƙarin karatu, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka mayar da shi makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati.

A ranar 8 ga Agusta na wannan shekarar ne wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma a 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Ƙarfinta teloli ne da mahauta da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure. Kalmar Sawaba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram, domin ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda aka haramta a Nijar a 1959, kuma da dama daga magoya bayanta a Kano suka sami mafaka.

A nan ne rigimar ta yi tsami. A wancan zamani kotu da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke, wato a hannun sarki. Ɗan NEPU ya yi waƙar habaici ko ya hau teburi a bakin kasuwa ya soki hakimi, sai a gurfanar da shi gaban alƙali bisa zagin sarki ko yin taro ba izini, a yi masa bulala ko a ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta riƙa shiga gidaje tana wayar da kan matan kulle, ta sha ɗauri har sau 16 a rayuwarta. Abin da ya fi bulalar ciwo shi ne hujjar da ake kafawa. Ana cewa sarakuna magadan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, biyayya gare su wajibi ce, don haka mai yi musu ba'a ya taɓa addini. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, sai aka ƙara da cewa ga su nan sun haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba. Mutum yana salla yana azumi a wayi gari maƙwabta suna ƙyamarsa, abokan ciniki suna kauce wa rumfarsa.

Malam Aminu bai amsa musu da cewa kowa na da ikon faɗin abin da ya ga dama ba. Da ya yi haka da ya faɗi tun ranar farko, domin jama'arsa ba za su bi mai wasa da addini ba, shi ma kuma ba mai yi ba ne. Sai ya shiga filin nasu. Ya riƙa karanto littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Muhammadu Bello, yana nuna cewa abubuwan da masu jihadi suka yaƙa, irin su haraji na zalunci da cin hanci a kotu da gaisuwar da ake tatsa daga talaka, su ne suka dawo. Ya koyar da cewa faɗuwa ƙasa a gaban ɗan Adam ba koyarwar Musulunci ba ce. Ya kuma riƙa yin tafsiri da azumi. Da wuya ka kafirta mutumin da ya fi ka sanin nassin da kake jifansa da shi. A ganina wannan ita ce babbar dabararsa: ya bar wa addini alfarmarsa, ya cire rawanin sarauta daga ƙarƙashin wannan alfarma.

Ba 'yan NEPU kaɗai ke kuka da kotunan ba. Kiristoci da sauran ƙananan ƙabilun Arewa sun kai nasu ƙorafin gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958. Daga baya aka yi sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 210 na dokar ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya ci mutuncin addini a bainar jama'a ta yadda zai iya tayar da fitina, kuma kowane addini ake nufi, da masallaci da coci. Ashe neman a hana izgili ba na Musulmi kaɗai ba ne. A Ingila kanta dokar saɓo ta yi ɗaruruwan shekaru tana kare addinin Kirista, sai a 2008 aka soke ta. A 1979 ma shugabannin coci sun yi ca a kan wani fim na barkwanci da suka ce ya yi wa Annabi Isa ba'a, har wasu garuruwan Ingila suka hana nuna shi. Wahalar a ko'ina ɗaya ce: wa zai tantance inda zolaya ta tsaya, inda cin mutunci ya fara? Idan mai mulki ne kaɗai, to Malam Aminu ya ga yadda ake yi. Idan aka bar wa taron jama'a, mutanen Damagaram sun ga nasu ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatanci na wata mujallar Faransa ya ƙare a kan coci-coci da shagunan maƙwabta waɗanda ba su zana komai ba, aka kuma rasa rayuka.

A 1959 Malam Aminu ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya daga Kano ta Gabas. A zamanin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci jihohin Kano da Kaduna, inda gwamnoninta suka soke haraji da jangali. Shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba, domin jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kuma habaicin da aka saba jifan fada da shi ya koma tsakanin almajiransa, har shi kansa bai tsira ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu na 1983 yana shirin sake tsayawa takara, aka binne shi a cikin gidansa da ke Gwammaja. Gidan, wanda ake kira Mambayya, ya koma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Allah Ya jiƙansa.