ZUHUDUN SHEHU ABDULƘADIR JILANI (R.A.)

An haifi Sidi Abdulƙadir, Allah Ya ƙara masa yarda, a Jilan ta ƙasar Farisa a shekara ta 470 bayan Hijira. Yana ɗan shekara 18 ya nufi Bagadaza neman ilimi, inda ya karanci fiƙihun Hambaliyya wurin Shehu Abu Sa'id Mukharrimi, ya kuma sami tarbiyya a hannun Shehu Hammad Dabbas.

Cikin talauci ya yi karatun, har yunwa takan kai shi bakin kogi tsintar ganyaye. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa shekara 25 ya yi yana kewaya dazuzzuka da kufayen Iraƙi, yana horon zuciyarsa da azumi da tsayuwar dare.

Da horon ya kammala sai ya komo cikin jama'a. A shekara ta 521 ya hau kujerar wa'azi, ya riƙe makaranta, ya kula da iyali, ya ciyar da miskinai. Rayuwarsa ta nuna cewa zuhudu shi ne fitar da duniya daga zuciya, ko da tana hannu.

Ya yi wafati a Bagadaza a shekara ta 561 (1166 Miladiyya). Allah Ya ba mu albarkarsa, amin.