Tarihin Layonal Hamton, Makaɗin Ƙarafa na Ƙasar Amurka

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, an haifi Layonal Hamton a birnin Luwisbil na ƙasar Amurka cikin shekara ta 1908 Miladiyya, daga zuriyar baƙar fata. Ya yi ƙuruciyarsa a Cikago, yana kaɗa ganga cikin ƙungiyar yara masu tallar jarida.

Abin kiɗan da ya shahara da shi ana ce da shi baibarafon. Siffarsa kuwa ita ce ƙarafa masu faɗi a jere bisa tebur, ƙarƙashin kowane akwai bututu, a bakin bututun akwai ɗan faifai wanda lantarki ke juyawa, sai amon ya riƙa rawa. Ana dukansu da sanduna masu naɗaɗɗen kai. A 1930 Hamton ya kaɗa shi cikin faifan garmaho na Luwis Amstiron, mai busa ƙaho. Gabanin haka makaɗan jaz ba su ɗauki abin nan a bakin kome ba.

A zamanin nan al'adar Amurka ta hana fari da baƙi su hau dandamali guda. Amma a 1936 Beni Gudman, farar fata, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa ta mutum huɗu, biyu farare, biyu baƙaƙe, suka yi kiɗa a bainar jama'a. Lalle wannan yana cikin farkon abin da ya tsaga katangar wariya a sana'ar kiɗa.

A 1940 ya kafa tasa babbar ƙungiya. Matarsa Giladis ita ce ta riƙe lissafi da ciniki da biyan makaɗa har mutuwarta a 1971, don haka dukiyarsa ba ta salwanta ba kamar ta makaɗa da yawa. Daga baya ya tsaya aka gina gidajen haya masu rangwame domin talakawa a unguwar Halam ta birnin Niyu Yok, waɗansu da sunansa, waɗansu da sunan matar.

Jarrabawa ta same shi da tsufa. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1991, gobara kuma ta cinye masaukinsa da kayansa a 1997. Ajali ya cim masa ran 31 ga Agusta, 2002, yana da shekara 94.

Wannan shi ne iyakar labarinsa a taƙaice.