Georg Cantor: Malamin da ya auna abin da ba shi da iyaka

In kana koyon Python, ai ka san set. Ka zuba masa lambobin waya dubu, wasu sun maimaitu, sai ya tace su, kowace ta fito sau ɗaya tak. Ba ruwansa da wa ke gaba, wa ke baya. Tambayarsa ɗaya ce: abin nan yana ciki ko ba ya ciki? To, ilimin tarin abubuwa da aka gina wannan a kansa, Georg Cantor ne ya kafa shi, kuma ya sha wuya a kai.

An haife shi ranar 3 ga Maris 1845 a Saint Petersburg ta Rasha. Yana ɗan shekara 11 iyayensa suka koma Jamus. Ya karanci lissafi a Berlin, ya samu digirin dakta a 1867. Daga 1869 ya kama koyarwa a Jami'ar Halle, can ya zauna har ya yi ritaya.

Dabararsa ba wuya. In kana son sanin ko kujeru sun ishi baƙi, ba sai ka ƙirga ba. Kowa ya zauna, ka ga wa ya rage a tsaye. Cantor ya gwada haka da tarin da ba ya ƙarewa. A 1874 ya tabbatar cewa lambobin ƙirga, 1, 2, 3 har abada, ba za su ishi ɗigogin da ke kan layi guda ba. Wato rashin iyaka ma, wani ya fi wani girma.

Nan fa aka yi masa ca. Tsohon malaminsa Leopold Kronecker ya ƙi aikin ƙememe, kujerar Berlin da Cantor yake buri kuwa bai taɓa samu ba. A 1884 ciwon damuwa ya kama shi, daga baya ya yi ta shiga asibiti yana fita. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1918 a wani asibiti a Halle, cikin talauci, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Amma aikin bai bi shi kabari ba. Wata hanyar hujja da ya fitar a 1891, ita Alan Turing ya ɗauka a 1936 ya nuna akwai tambayoyin da babu kwamfutar da za ta iya warwarewa. Yau ɗalibi na buga layi ɗaya ya haɗe tari biyu, ko ya zaƙulo abin da suka yi tarayya a kai, bai ma san sunan mai ɗakin ba.