Cicely Saunders, mai jinyar da ta koya wa duniya kula da masu ciwon daji

 Yau za mu kawo muku labarin wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya, ta ƙare tana uwar wani sabon fanni na kiwon lafiya. Dalilinmu na zaɓen ta shi ne, a Bukoki da sauran unguwannin Yamai da wuya a sami gidan da bai san wata da sankarar mama ko ta bakin mahaifa ta kwantar ba. Sau da yawa kuma, da an ce ciwo ya yi nisa, sai a maido mara lafiya gida a zuba mata ido. Wannan baiwar Allah ta ƙarar da rayuwarta ne tana nuna cewa a daidai nan aikin mai jinya yake ƙaruwa.

An haife ta ran 22 ga watan Yuni 1918 a Barnet, arewa da birnin Landan, a gidan masu hali. A 1938 ta shiga jami'ar Oxford, amma da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke sai ta ajiye karatun, a 1940 ta koma koyon jinya a makarantar asibitin St Thomas, wadda Florence Nightingale ta kafa. Ta gama a 1944, sai dai ciwon baya ya hana ta ci gaba da ɗawainiyar ɗaga majinyata. Ba ta bar asibiti ba. Ta sake horo, a 1947 ta zama jami'a mai duba matsalolin marasa lafiya na kuɗi da na iyali.

A wannan aiki ne ta san David Tasma, wani ɗan gudun hijira daga ƙasar Polan mai aikin kai abinci a gidan cin abinci. Shekararsa 40, ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ga shi ba dangi kusa. Ta riƙa zuwa tana zama da shi, suna tattauna irin gidan da ya kamata a ce akwai domin masu irin halinsa. Da ya rasu a 1948, ya bar mata fam 500 don ta fara. Wannan shi ne jarin farko, kuma ƴan kasuwa sun san da ƙaramin jari ake kafa babbar rumfa.

Daga nan ta riƙa aikin sa kai da yamma a gidan St Luke, inda ake kwantar da talakawan da ciwonsu ya gagara. A can ta ga abin da ya canza tunaninta. A manyan asibitoci na lokacin, sai majinyaci ya yi ta nishi da kuka kafin a yi masa allurar kashe zafi. Su kuwa masu jinyar St Luke suna ba da maganin mofin ta baki a kan lokaci, tun kafin zafin ya dawo. Majinyatan suna cikin hankalinsu, suna hira da iyalansu. Wani lokotoro mai fiɗa, Norman Barrett, ya ba ta shawara ta karanta aikin likita, don likitoci ba za su saurari mai jinya ba. Tana da shekara 33 ta koma aji, ta fito a 1957.

Daga 1958 ta yi shekara bakwai a gidan jinya na St Joseph da ke gabashin Landan. Ta rubuta bayanin majinyata fiye da 1,000, ta ɗauki muryoyin wasunsu a rakoda. Ta nuna cewa in aka auna mofin daidai, aka ba da shi duk bayan awa huɗu, zafi yana kwanciya ba tare da an mai da mutum mashayi ba. Ta kuma gano cewa ciwon mai ciwon daji bai tsaya a jiki ba: akwai tsoro, akwai tunanin ƴaƴa da bashi, akwai damuwar abin da zai tarar gobe. Duk matar da ta taɓa rufe rumfarta a Katako ko Wadata, ta cinye uwar kuɗi wajen sayen magani, ta san gaskiyar wannan magana.

A 1967 ta buɗe gidan St Christopher a kudancin Landan, da gado 54, inda aka haɗa jinya da koyarwa da bincike. A 1969 ma'aikatansa suka fara bin majinyata har gida. A tsarinta, mai jinya ce ginshiƙi, domin lokotoro yakan leƙo ya wuce, ita kuwa tana nan dare da rana. Ita ke ba da magani a kan lokaci, ta lura ko ya yi aiki, ta sanar in ana bukatar ƙari. Ita ke wanke gyambo ta rage wari, ta juya majinyaci don kada bayansa ya ƙuje, ta kula da amai da taurin ciki da mofin ke kawowa. Ita ke koya wa dangi yadda za su yi a gida, ta kuma zauna ta saurara.

Aikin ya bazu. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar kashe zafin ciwon daji mataki-mataki, a 1987 kuma Ingila ta amince da wannan kulawa a matsayin fanni mai zaman kansa. A Afirka, Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa irin wannan gida a Yuganda a 1993, kuma a 2004 ƙasar ta ba masu jinya da aka horar izinin rubuta mofin da kansu, saboda ƙarancin likitoci a karkara.

Cicely ta yi aure a 1980, mijinta ya rasu a 1995. Ita ma sankarar mama ce ta kama ta, ta rasu ran 14 ga Yuli 2005 a gidan da ta gina, tana da shekara 87.

A nan Yamai, tun 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji ta fara gashin ciwo da na'ura, abin da a da sai an fita waje. Kiranmu ga iyayenmu mata da ƴan'uwanmu ƴan kasuwa shi ne, wadda ta ji kullutu a mama ko ta ga jini ba lokacinsa ba, ta hanzarta zuwa asibiti, don ciwon da aka tara da wuri yana jin magani. Wanda kuma nasa ya yi nisa, kada a haɗa shi da tiramol na ƴan talla. A koma wurin masu jinya, a faɗa musu inda ke zafi da lokacin da yake tashi, a tambaye su yadda za a kula da shi a gida. Hakkin majinyaci ne, kuma aikinsu ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.