DOKTA BARAU DIKKO: LIKITAN FARKO DAGA AREWA

Duk wanda ya san Kaduna ya san Asibitin Barau Dikko, amma ba kowa ne ya san mai sunan ba. Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne ta kawo taƙaitaccen tarihinsa, ta kuma duba irin cututtukan da ya tarar a ƙasarmu lokacin da ya kama aiki, domin ba a gane girman aikin likita sai an san abokan gābarsa.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin shekarar 1912. Bafillace ne, kuma Kirista, daga cikin 'yar ƙaramar jama'ar da ta taru a hannun Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila. Shi Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, sai a 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. A makarantar mishan ɗin nan Dikko ya fara karatu, daga nan ya wuce King's College a Ikko, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya koyi aikin likita. Ya kama aikin gwamnati a 1940 yana ƙaramin likita. Kafinsa ba a taɓa samun ɗan Arewa da ya kai wannan matsayi ba.

Jama'ar da ya tashi a cikinta ta san ciwon barci sani na haƙiƙa. Bayan 1913 waɗansu daga cikin Isawa da suka bi Mila sun kafa ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Maƙarfi ta yau, da niyyar su yi noma su zauna lafiya. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe da yawa, sauran suka watse, wasunsu suka koma Zariya. Ƙudan tsando ne ke kawo wannan ciwo, shi kuwa mazauninsa kurmin bakin rafi, wato daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, in ya kai ga ƙwaƙwalwa sai mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, har rai ya yi halinsa. Irinsa da ke kama shanu shi Fulani da Hausawa ke kira sammore.

Abin ya yi tsanani a gabashin Zazzau har ya sa gwamnati, daga ƙarshen shekarun 1930, ta ɗauki wani babban aiki a Anchau, maƙwabciyar Ikara, ƙarƙashin wani masanin ƙwari, Dokta T. A. M. Nash. Aka sassare kurmin rafuka a fili mai faɗin murabba'in mil wajen 700, aka ta da mutane kimanin 5,000 aka sake musu matsuguni, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. (A Anchau ɗin nan ne aka haifi Farfesa Ishaya Audu a 1927, wanda shi ma likita ne daga jama'ar Wusasa, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.)

Mai karatu zai iya tambaya, don me aka sha wannan wahala ta sara da ƙaura, ba a yi wa mutane allurar rigakafi an huta ba? Amsar tana cikin yadda garkuwar jiki ke aiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jini yakan gane ta da rigar da ke jikinta, ya ƙera makamin da ya dace da wannan riga, ya kuma riƙe kamanninta. In ta sake dawowa sai ta tarar ana dakonta. Shi ya sa wanda ya yi agana ya tashi ba ya sake yi, abin da kakanninmu suka lura da shi tun ba su san dalili ba. Rigakafi kuwa dabara ce ta nuna wa jiki rigar ba tare da an sa shi cikin haɗarin ciwon ba. Wani likitan Ingila, Edward Jenner, shi ya tabbatar da haka a 1796, ya yi amfani da wata 'yar'uwar agana mai sauƙi da ke kama shanu. Wannan ita ce lambar da 'yan lamba suka riƙa bi gari gari suna tsaga wa mutane a dantse. To, ita ƙwayar ciwon barci wayonta ya fi haka. Kafin jiki ya gama ƙera makami sai ta tuɓe rigar ta sa wata, tana kuwa da ɗaruruwansu. Sai cikin shekarun 1970 masana suka gane sirrin nan sosai, kuma har yau ba a samo mata allurar rigakafi ba. Saboda haka a zamanin Dikko ba wata hanya sai a bi ƙauyuka ana lalubar wuyan mutane, a duba ruwan kaluluwa a madubin likita, a yi wa masu ciwo allurar magani, a kuma raba mutum da ƙuda.

A nan ne, a ganina, zuwan likita mai jin Hausa tun daga nono ya zama babban abu, ko da yake masu rubuta tarihinsa sun fi karkata ga siyasarsa. Bahaushe ba ya son kiran mugun ciwo da sunansa. Agana takan zama ado ko 'yan rani, ƙyanda ta zama baƙon dauro. Kalmar zazzaɓi kuma ta haɗa ciwace-ciwace da yawa waɗanda likita ke rarrabewa, haka ma shawara da sanyi. Likitan da ke jiran tafinta yakan sami kalmar ne kawai, abin da mai ciwo ke nufi ya tsaya a hanya.

Dikko ya zama babban likita a 1953. A 1957 aka ɗora shi kan manyan likitocin sashen da ke kula da zaunannun cututtuka a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Zaunanniyar cuta ita ce wadda ta yi kaka-gida a wuri, kullum akwai ta, kamar kuturta da ciwon barci. Ta bambanta da annoba, wadda ke aukowa farat ɗaya ta yi ɓarna ta wuce, kamar yadda sanƙarau ke yi da bazara. Yaƙi da annoba yana da amo, kowa ya gani. Yaƙi da zaunanniyar cuta kuwa aikin haƙuri ne na shekara da shekaru, da rajista da ƙidaya da bin dakunan shan magani na En'e.

Ta fannin siyasa, a 1948 aka kafa ƙungiyoyi biyu na 'yan boko, ɗaya a Zariya ɗaya a Kaduna, Dikko da Malam D. A. Rafi su ne kan gaba. Suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta a Kaduna cikin watan Yuni 1949, aka zaɓi Dikko shugaba. Malam Abubakar Imam da Malam Aminu Kano suna cikin waɗanda aka fara tafiyar da su. Abin lura ne ƙwarai a ce ƙungiyar da kusan dukkan 'ya'yanta Musulmi ne ta ɗauki Kirista ta sa a gaba. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, a 1951, doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa, sai Dikko ya sauka ya riƙe aikinsa na asibiti.

A 1967 Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya, a 1971 kuma ya koma Ma'aikatar Sufuri. A 1967 ɗin ne aka fara gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma, aka ga mai ciwon na ƙarshe a Nijeriya cikin 1970. Dikko ya rasu a 1977, shekara uku kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Asibitin da ke ɗauke da sunansa shi ne yanzu asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna.