Steve McQueen: Tauraron Da Ya Ɓoye Sunansa Don Ya Yi Tseren Babur

 Wanda muka ɗauko wannan karon Ba'amurke ne da ya rasu tun 1980. Duniya ta san shi da fim. Mu kuwa ɗaya ɓangaren rayuwarsa za mu duba, wato tseren babur a jeji, wasan da tsofaffin mahaya ke cewa ya canza har ba sa gane shi.

Mene ne motokuros?

Motokuros tseren babur ne da ba a yin sa a kan kwalta. Ana keɓe fili mai tudu da kwari, da laka da yashi da ramuka, a jera mahaya a layi ɗaya, a sake su lokaci guda su yi ta zagayawa. A Ingila ya samo asali, inda aka yi tseren farko a garin Camberley a 1924. Daga nan ya bazu zuwa Beljiyam da Faransa da Suwidin, har aka fara gasar duniya a 1957. Amurka ta makara wajen karɓar sa. Mahayanta sun fi sabawa da tseren hamada, kuma a cikinsu Steve McQueen ya koyi sarrafa babur a ƙasa mai wuya.

Yaron da aka fid da rai da shi

An haifi McQueen ranar 24 ga Maris 1930 a Beech Grove, jihar Indiana. Mahaifinsa matuƙin jirgin sama ne mai wasan nuna bajinta, ya tafi ya bar iyalinsa tun yaron yana jariri. Mahaifiyarsa ta kasa riƙe shi, sai aka kai shi gonar wani kakansa mai suna Claude a garin Slater, jihar Missouri. Wannan dattijo ne ya saya masa ɗan keken yara ja mai taya uku lokacin da ya cika shekara huɗu, kuma daga nan son gudu ya shiga ransa.

Makaranta ba ta yi masa daɗi ba. Yana da larurar da ke sa haruffa su rikice wa mai karatu, sannan ciwon kunne ya rage masa ji. Da ya koma wurin mahaifiyarsa a Los Angeles, sai ya tarar da mijin uwa mai duka. Ya faɗa cikin 'yan zauna-gari-banza, har 'yan sanda suka kama shi yana satar murfin wilin motoci. Yana da shekara 14 aka kai shi Boys Republic, makarantar gyaran hali ta kangararrun yara da ke Chino a Kaliforniya. Da farko ya yi ta taurin kai, har da guduwa. A hankali ya natsu, har 'yan uwansa suka zaɓe shi cikin majalisar yaran da ke tsara dokokin zaman makarantar.

A 1947 ya shiga soja, rundunar Marines, ya fito a 1950. Da tallafin karatun da gwamnati ke bai wa tsofaffin sojoji ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a New York a 1952. Kuɗin abinci da na haya kuwa, wani ɓangarensu daga tseren babur na ƙarshen mako yake samo su. Ashe babur ya riga fim ciyar da shi.

Shagon Bud Ekins

Shirin talabijin mai suna Wanted Dead or Alive, wanda aka fara a 1958, shi ya fito da shi. Fim ɗin The Magnificent Seven na 1960 ya ƙara masa suna. A wannan tsakani ya saba da wani shagon sayar da babura ƙirar Triumph a kusa da Los Angeles. Mai shagon, Bud Ekins, gwanin tseren hamada ne, kuma yana cikin Amurkawan farko da suka je Turai suka gwada motokuros. Shi ya fara jan McQueen zuwa jeji ranar Lahadi.

A wancan zamani sha'anin ba shi da wani tsari mai tsada. Mutum zai ɗora babur a bayan a-kori-kura, ya tafi hamada, ya biya ɗan kuɗin rajista, ya shiga layi. Kafinta da makanike da mai gyaran famfo duk suna nan. Babur ɗin ma sau da yawa na hawa titi ne aka cire wa fitila, aka sauya masa taya. In ya lalace, mai shi ne zai tsuguna ya gyara, na kusa da shi ya ara masa sifana. Ƙura ba ta san tauraro ba, kuma wannan ne ya ja hankalin McQueen.

Abotarsu ta kai su Jamus, inda aka ɗauki fim ɗin The Great Escape na 1963. A ciki akwai wurin da jarumin, fursunan yaƙi mai neman tsira, ya tsallake shingen waya mai ƙaya a kan babur. Mutane da yawa sun ɗauka McQueen ne. Gaskiyar ita ce kamfanin inshora ya hana shi, Bud Ekins ne ya yi tsallen. McQueen bai ɓoye haka ba, ya bai wa abokinsa haƙƙinsa a bainar jama'a. Sauran gudun kuwa shi ya yi da kansa, har ma ya sa kayan sojan Jamus ya fito cikin masu bin jarumin, wato yana korar kansa da kansa.

A 1964 shi da Bud Ekins da ƙanensa Dave Ekins da Cliff Coleman suka wakilci Amurka a gasar kwana shida ta duniya a Erfurt, Jamus ta Gabas. Wannan gasar juriya ce, ba ta zagayen fili ba, kuma mahayi ne kaɗai ke da izinin gyara babur ɗinsa. McQueen ne ya riƙe tutar ƙasarsa a bikin buɗewa. Ya yi hatsari a rana ta uku ya fita, Bud ya karye a ƙafa, amma Dave da Cliff sun dawo da lambobin zinariya.

Wane ne Harvey Mushman?

A 1966 wani ɗan kasuwa mai suna Edison Dye ya kawo zakaran duniya Torsten Hallman daga Suwidin don ya tallata babura ƙirar Husqvarna. Babura ne marasa nauyi, masu inji irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Hallman ya yi wa mahayan Amurka fintinkau, kowa ya ga cewa zamanin manyan babura masu nauyi na Ingila ya wuce. McQueen ma ya koma Husqvarna.

Sai dai sunansa ya zame masa kaya. Kamfanonin fim ba sa son ya karye, 'yan kallo kuma ba sa barin sa ya sha iska. Sai ya riƙa yin rajista da sunan aro, Harvey Mushman. Da hular kwano da tabarau da ƙura, babu mai bambanta shi da kowa. Da wannan suna ya shiga tseren Elsinore, mai tsawon mil 100, wanda ke ratsa titunan garin Lake Elsinore da tuddan da ke kewaye da shi. A farkon 1970 ya karya ƙafa a tseren babur. Makonni kaɗan bayan haka, ƙafar na ɗaure cikin simintin asibiti, ya shiga tseren mota na awa 12 a Sebring tare da Peter Revson, suka zo na biyu, bayan motar da Mario Andretti ya kai ƙarshe.

Babbar gudummawarsa ta zo a 1971. Kamfaninsa, Solar Productions, ya zuba kuɗi Bruce Brown ya shirya On Any Sunday, fim na gaskiya ba wasan kwaikwayo ba, a kan mutanen da ke tseren babur ranar hutu. McQueen bai mayar da kansa jarumin fim ɗin ba. An fi haska Malcolm Smith da Mert Lawwill, shi kuwa ya fito a matsayin ɗaya daga cikin mahaya. Fim ɗin ya shiga takarar kyautar Oscar, ya kuma sauya yadda Amurkawa ke kallon masu babur, waɗanda a da ake yi wa kallon 'yan daba. A farkonsa an nuna yara suna kwaikwayon motokuros a kan kekuna, abin da ya taimaka wajen yaɗa wasan BMX, wanda ya shiga gasar Olamfik a 2008.

Yadda wasan ya canza

Abin mamaki, farin jinin da fim ɗin ya jawo yana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen zamanin da yake yabo. A 1972 aka kwaso ƙasa aka zuba a babban filin wasa na Coliseum a Los Angeles, aka yi tsere a gaban 'yan kallo da ke zaune a kujeru. Yaro ɗan shekara 16, Marty Tripes, ya lashe. Daga nan aka samu reshen da ake kira sufakuros, mai fitilu da talabijin da tsalle-tsallen da ke kai mahayi sama kamar tsuntsu.

Kamfanonin Japan ma suka shigo da ƙarfi. Suzuki ta ci gasar duniya a 1970 da ɗan Beljiyam Joël Robert. Honda ta fitar da babur a 1973 ta sa masa suna Elsinore, kuma McQueen ne ya yi mata talla. Aka inganta shokazoba har ta iya shanye tsalle mai tsawo. A 1997 Doug Henry ya ci tsere a Las Vegas da wani sabon Yamaha mai inji irin na mota, wanda baƙin mansa ke zaune daban. Cikin shekara goma irinsa suka mamaye manyan gasa. Sun fi sauƙin sarrafawa, amma in sun lalace gyaransu ya fi tsada, ya kuma fi ƙarfin mai sifana a bayan gida. Har yau tsofaffin mahaya na kewar siririyar ƙarar tsohon inji da ƙaurin hayaƙinsa.

Filaye ma suka yi ta rufewa saboda gine-gine da ƙorafin maƙwabta da tsoron shari'ar diyya. Saddleback Park ya rufe a 1984, Carlsbad a 2004. Shahararren tseren hamada daga Barstow zuwa Las Vegas an dakatar da shi a ƙarshen shekarun 1980 don kare kunkurun hamada. Yau zakaran motokuros yakan fara tun yana ɗan ƙarami, da mai horarwa da makanikai da tirela cike da kaya. Da wuya kafinta ya tsaya a layi ɗaya da shi.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma adalci shi ne a faɗi abin da bana ta kawo. Hular kwano da kayan kare ƙirji da gwiwa sun fi na da nesa ba kusa ba, kuma akwai likitoci a bakin fili. Ƙofa ta buɗe wa waɗanda a da ba a ganin su: Greg Albertyn na Afirka ta Kudu ya ci gasar duniya sau uku a jere daga 1992 zuwa 1994, James Stewart, baƙar fata, ya lashe sufakuros a 2007 da 2009, mata kuma suna da gasar duniya tasu. Wasan ya ƙaru da ƙwarewa da tsaro. Abin da ya rasa shi ne sauƙin shiga.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1974 McQueen ne ɗan fim mafi tsada a duniya. Ba waliyyi ba ne: yana da zafin rai, ya sha rigima da masu shirya fim, kuma aurensa biyu sun mutu. Amma bai manta da Chino ba. Yakan koma Boys Republic ya zauna da yaran, yana amsa wasiƙunsu. Kamfanonin fim sun sha mamakin yadda yake neman a ba shi wanduna da injinan aski masu yawa kyauta, sai daga baya aka gano makarantar yake kai wa.

A ƙarshen 1979 likitoci suka gano yana da kansar da ke kama rufin huhu, wadda ake alaƙantawa da shaƙar ƙurar asbesto, abin da ya yi aiki da shi lokacin yana soja. Ya rasu ranar 7 ga Nuwamba 1980 a Ciudad Juárez ta ƙasar Meziko, bayan tiyata, yana da shekara 50. Ya bar babura fiye da 100. A 1999 aka sa sunansa a zauren karrama gwanayen babur na Amurka. Da aka farfaɗo da tseren Elsinore kuwa, sai aka raɗa wa babban zagayensa sunan Harvey Mushman, sunan da ya ara don kada a gane shi.

Abin lura gare mu

'Yan uwa ɗalibai, tseren babur na McQueen da muka ba da labarinsa, a filin gasa ya yi shi, da hular kwano, ƙarƙashin doka, kuma duk da haka ya karye. Wasa da babur a titin da jama'a ke bi ba motokuros ba ne, ganganci ne.

Ga malamanmu kuma, da girmamawa: yaron da ke bayan aji, wanda haruffa ke rikice wa, wanda kowa ya gaji da shi, wataƙila wuri kawai yake nema inda za a auna shi da abin da ya iya. McQueen ya samu irin wannan wuri sau biyu, a Chino da kuma a layin tashi na tseren Lahadi. Tambayar da masu kewar tsohon motokuros ke yi ita ce ko yaro irinsa, ba uba ba kuɗi, zai iya samun gurbi a layin yau.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.